Ramin da Sikeli Ya Halatta: Yadda Aka Toshe Ramin Nauyi a Ƙwallon Bolin na Amurka

A ranar 1 ga Agusta 2020, ana tsakiyar annobar korona, gidajen wasan bolin da yawa a Amurka na rufe ko suna aiki rabi da rabi, sai wata doka ta fara aiki wadda ta mayar da ƙwallaye masu ɗimbin yawa haramtattu a gasa. Ba su ƙara nauyi ba, ba su tsage ba. Laifinsu ɗaya ne: kowace na da rami guda a jikinta wanda ba a sa yatsa a ciki. Masu sana'ar suna kiransa ramin nauyi, ko ramin daidaito. Hukumar Bolin ta Amurka, USBC, mai hedikwata a garin Arlington na jihar Texas, ita ta ce daga wannan rana duk wanda ya jefa ƙwallo mai irin wannan rami a gasar da take kula da ita, makinsa na iya tafiya a banza.

Ramin kansa bai kai ya kawo ba. Faɗinsa, a tsohuwar doka, ba ya wuce inci ɗaya da kwata. Amma sai da ya ci shekaru ana jayayya a kansa, kuma yadda ya shigo wasan ya fi yadda ya fita ban sha'awa.

Ga wanda bai taɓa shiga gidan bolin ba: titi ne mai sulɓi, tsawonsa ƙafa 60 daga layin da ba a takawa zuwa kwalba ta farko, faɗinsa jerin katakai 39. A ƙarshensa an jera kwalaben katako goma a siffar dala, kowace tsayinta inci 15. Ƙwallon ba ta wuce laba 16, wato kilo bakwai da ɗan ɗoriya, kewayenta kuma kusan inci 27. Ana huda mata ramuka uku a al'ada, biyu na yatsan tsakiya da na zobe, ɗaya na babban yatsa. Ƙwararre ba ya jefa ta miƙe. Murza ta yake yi ta tafi gefe, sannan can kusa da ƙarshe ta sha kwana ta shigo tsakanin kwalba ta 1 da ta 3 idan da hannun dama yake jifa. Wannan kwanar ita ce komai, domin ƙwallon da ta shigo a karkace ta fi kwashe goman gaba ɗaya fiye da wadda ta zo miƙe.

Abin da ido ba ya gani shi ne mai. Ana shafa wa titin mai da inji, ɗan kaɗan, abin da bai fi cokali biyu ba, yawanci a kan ƙafa 40 na farko, sauran a bar shi busasshe. Asali don kare katakon aka fara shafa shi. Daga baya ya zama shi ne filin dagar. A kan mai ƙwallon zamewa take yi, idan ta fita daga mai ta kama ƙasa ta lanƙwasa, daga nan ta mirgina zuwa kwalabe. Duk abin da mai huda ƙwallo yake yi a shagonsa, ƙoƙari ne na sarrafa inda zamewar za ta ƙare da irin ƙarfin da kwanar za ta zo da shi.

Sikelin dodo

Dokar nauyin gefe ta girmi duk wanda ke wasan a yau. A farkon ƙarni na 20 wasu 'yan wasa sun gano dabarar raba ƙwallaye biyu masu bambancin nauyi, su haɗa rabin wannan da rabin waccan su manne. Ƙwallon da ta fito gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, tana tafiya tana jan kanta zuwa gefen mai nauyi. Suna kiranta dodo. Kalmar ba ta da alaƙa da dodonmu na tatsuniya, amma da Bahaushe ne ya raɗa mata suna da wuya ya zaɓi wani. Hukumar wancan zamani, ABC, wadda aka kafa a 1895, ta haramta ta, aka kuma ƙirƙiro sikeli na musamman da ke gwada rinjayen wani ɓangare na ƙwallo a kan kishiyarsa. Har gobe sikelin dodo ake ce masa a shagunan huda.

Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ga ƙwallon da ta haura laba 10 ita ce: tsakanin dama da hagu kada bambanci ya wuce oza ɗaya, tsakanin ɓangaren yatsu da na babban yatsa ma oza ɗaya, tsakanin sama da ƙasa kuma oza uku. Oza ɗaya giram 28 ce da 'yan kai. A jikin ƙwallo mai laba 16, kashi ɗaya ne cikin 256.

A zamanin ƙwallon roba da ta filastik wannan awo yana da ma'ana. Cikin ƙwallon kusan bai ɗaya yake, sai wani ɗan faifai mai nauyi da ake sakawa a sama don ya maye gurbin abin da za a kwashe wajen huda ramukan yatsu. Mai huda na iya karkatar da faifan nan kaɗan zuwa dama ko zuwa yatsu, kuma tsofaffin masu sana'ar sun yi imani cewa nauyin dama yana ƙara kwana, nauyin yatsu yana sa ƙwallo ta yi nisa kafin ta juya, nauyin babban yatsa kuma yana sa ta mirgina da wuri. Idan hannun mai huda ya zarce, sikeli ya nuna oza ɗaya da rabi, ba a jefar da ƙwallon. Sai a huda wani rami a gefen da ya yi nauyi, a kwashe abin da ya yi yawa. Doka ta yarda da rami ɗaya don wannan aiki. Gyaran kuskure ne, ba wani abu ba.

Abin da ya canza a cikin ƙwallon

Daga wajajen 1980 ɓawon yuretan, wani irin roba da ake lulluɓe ƙwallo da shi, ya shigo, a farkon shekarun 1990 kuma aka samu ɓawo mai shan mai, wanda ke zuƙe man titi ya kama ƙasa da ƙarfin da ba a saba gani ba. A daidai lokacin ne kamfanoni suka bar faifan nan suka koma zuba ƙwaya mai nauyi a tsakiyar ƙwallo, mai siffa iri-iri: wata kamar ƙwan lantarki, wata kamar turmi, wata doguwa mai kafaɗa a gefe guda. Daga nan lissafin ya tashi daga "wane gefe ya fi nauyi idan ƙwallo na ajiye" ya koma "yaya nauyin yake a baje idan tana juyawa". Sikelin dodo kuwa tambaya ta farko kaɗai ya iya amsawa.

Wanda ya taɓa ganin mai kaɗi da mazari zai gane batun da sauri. Murza mazari a tsaye abu ne mai sauƙi, yatsu biyu sun isa, saboda nauyinsa na manne da layin da yake juyawa a kai. Ka ce za ka juya shi kai da gindi, sai ka ji ya yi maka gardama, don yanzu nauyin ya yi nisa da layin juyin. Doguwar ƙwaya a cikin ƙwallo haka take. Tana da layin da juyi ke da sauƙi a kansa da layin da juyi ke da wuya. Masu sana'ar na auna kowanne da wani adadi da suke taƙaitawa da RG, wanda ke nuna nisan nauyi daga layin juyi, kuma doka ta ce ya kasance tsakanin inci 2.460 da 2.800. Bambancin da ke tsakanin babban adadin da ƙaramin shi za mu kira tazara. Iyakarta inci 0.060.

Me tazara ke yi a kan titi? Kowane ɗan wasa yana da layin juyi nasa, gwargwadon yadda hannunsa ke sakin ƙwallo. Idan aka huda ƙwallon ta yadda ƙwayar ta kwanta a karkace da wannan layi, to tana tafiya layin juyin na gusawa a jikinta sannu a hankali. Sakamakon haka, kowane zagaye sabon wuri ne na ɓawon ke taɓa titi, ba wurin da ya riga ya jiƙe da mai ba. Idan ƙwallon ta dawo ka ɗauka, za ka ga zoben mai sirara a jere a jikinta, sun haɗu a wurare biyu sun baje a tsakani. Bajewar sawu ke nan. Tazara mai yawa, sawu mai faɗi, busasshen ɓawo a kowane zagaye, kamun ƙasa mai ƙarfi. Kamfani na sa ɗigo mai launi a jikin ƙwallo don nuna saman ƙwayar, ya kuma buga wani tambari a inda nauyinta na ajiye ya rinjaya. Da waɗannan alamu biyu mai huda yake aiki.

Yanzu ga inda ramin ya sami ƙofa. Duk ramin da aka huda yana ɗaga adadin RG na layin da aka huda shi a kai, domin nauyin da ke kusa da layin ne aka kwashe. Huda kusa da ɗigon, ka gajarta ƙwayar, tazara ta ragu. Huda a kwatar kewaye daga ɗigon, wato inci 6 da uku bisa huɗu, ka rage mata ƙiba a kwiɓi, ta zama kamar ta ƙara tsawo, tazara ta ƙaru. Iyakar 0.060 kuma a kan ƙwallon da ba a huda ba ake gwada ta, a ɗakin binciken hukuma, kafin ta shiga kasuwa. Bayan an huda ta, babu mai sake gwadawa. A wurin gasa, a lokacin, a kan sikelin dodo ake ɗora ta.

Ƙwallo guda a kan bencin mai huda

A ɗauki ƙwallo mai laba 15, mai ita na jifa da dama, ƙorafinsa kuma shi ne ba ta juyowa idan man titi ya yi yawa. Mai huda ya duba sawun tsohuwar ƙwallonsa ya gano cibiyar juyinsa, ya ajiye ɗigon inci 4 daga nan, kusa da inda bajewar sawu ke kai ƙarshenta, wato inci 3 da uku bisa takwas. Ajiye ɗigon a nan ya tura tambarin nauyi can dama da tsakiyar riƙo. Aka huda yatsu, aka ɗora a sikeli, ya nuna oza ɗaya da uku bisa huɗu a dama. A tsohuwar doka wannan ƙwallo ba ta shiga gasa. Dole a huda rami.

Sikeli bai damu da inda za a huda ba, muddin a ɓangaren dama ne kuma allura ta dawo ƙasa da oza ɗaya. Amma ɓangaren dama fili ne babba. A cikinsa akwai wurin da rami zai kashe kaifin ƙwallon, akwai wurin da ba zai canza komai ba, akwai kuma wurin da zai mayar da ita wata dabba dabam. Ramin da faɗinsa inci ɗaya ne, zurfinsa inci uku, yana kwashe abin da ya haura oza ɗaya da rabi, kuma idan ya kai ga ƙwayar ya fi haka, don ita ta fi sauran cikin ƙwallon nauyi. Mai huda ya dubi mai ƙwallo ya tambaye shi, so kake ta juyo da wuri ko ta yi nisa tukuna? Daga lokacin da aka fara yin wannan tambaya, ramin ya daina zama gyaran kuskure.

Ba a tsaya nan ba. Masu wayo suka juya lissafin baki ɗaya. Maimakon a huda rami saboda nauyi ya yi yawa, sai a sa nauyi ya yi yawa don a sami damar huda rami. A zaɓi ƙwallon da ta zo daga kamfani da nauyin sama mai yawa, a tura tambarin can gefe da gangan, ta yadda ko an huda ƙaton rami mai zurfi allurar ba za ta tsallaka ɗaya gefen ta karya doka ba. Babu wanda ya yi maguɗi. Doka ta ce rami ɗaya, sun huda ɗaya. Ta ce oza ɗaya, suna ƙasa da ita.

Mutumin da ya fi kowa mayar da wannan ilimi a tsare shi ne Mo Pinel, mai zana ƙwayoyin ƙwallo, wanda ya kafa kamfanin MoRich daga baya kuma ya yi aiki da kamfanin Radical. Ya ja layi a jikin ƙwallo daga wajen cibiyar juyin ɗan wasa zuwa layin da ƙwayar ta fi son tsayawa a kai, ya sa masa tashoshi huɗu, P1 zuwa P4. Rami a P1 yana rage tazara, a P2 kusan ba ya taɓa ta, a P3 yana ƙara ta, a P4 ya ƙara sosai. Akwai kuma salon da suka kira babban yatsa biyu, inda ake huda ramin nauyi dab da ramin babban yatsa, ramukan biyu su haɗa ƙarfi su sassaƙe kwiɓin ƙwayar a wuri ɗaya. Pinel bai ɓoye komai ba, a bainar jama'a ya koyar da masu huda, kuma a ganina wannan ne ya sa hukuma ta kasa ci gaba da kawar da kai. Ya rasu a 2021, 'yan watanni bayan dokar ta fara aiki.

Dubi yadda abin ya zama da ban dariya. A Maris 2016 USBC ta soke amincewarta da ƙwallaye biyu na kamfanin Motiv, Jackal da Jackal Carnage, saboda binciken da aka yi wa waɗanda ke kasuwa ya nuna tazararsu ta ɗan haura 0.060. An hukunta kamfani a kan ɗan abin da sai na'ura ke gani. A wannan shekarar, mai huda a kowane ƙaramin gari na iya ɗaukar ƙwallo halattacciya ya tsallake wannan iyaka da rami guda cikin minti goma, sikeli kuma ya ce masa Allah ya yi albarka.

Masu hannu biyu

Akwai wani ɓangare da ya ƙara dagula lissafin. Jason Belmonte ɗan Ostiraliya da Osku Palermaa ɗan Finlan sun shahara da jifa da hannu biyu, ba sa saka babban yatsa ko kaɗan, suna kuma murza ƙwallo fiye da yadda yawancin masu hannu ɗaya za su iya. Matasa suka bi sahunsu. To mutumin da ba ya sa babban yatsa, amma ƙwallonsa na da ramin babban yatsa, me ramin nan yake yi? A aikace ramin nauyi ne. Idan kuma ya ƙara da halattaccen ramin nauyi, ya tashi da biyu inda kowa ke da ɗaya. A 2014 hukuma ta toshe wannan kafa, ta ce ramin babban yatsan da ba a amfani da shi za a lissafa shi a matsayin ramin nauyi. Wannan ya rage rigimar, bai kashe ta ba, don ko bayan haka ana iya ajiye ramin a inda ya fi amfani ga juyi, ba inda yatsa zai so ba.

Abin da hukuma ta gani

Tun a 2005 USBC ta fara wani dogon bincike tare da kamfanonin ƙwallo a kan abin da ke sa ƙwallo ta lanƙwasa, aka fitar da sakamakonsa a 2008. Da injin jifa aka yi gwajin, don hannun mutum ba ya maimaita jifa iri ɗaya sak. Abubuwan da suka zo a sahun gaba duk na ɓawo ne: kaushinsa, kamunsa a kan mai, saurin shan mansa. RG da tazara suka biyo baya. Nauyin dama da hagu, na yatsu da na sama, waɗanda aka shafe kusan ƙarni ana ɗora ƙwallaye a sikeli dominsu, can ƙasa suka faɗo. Wato mai gadi na tsaye da sanda a ƙofar da ba kowa ke bi ba, ɓarawo kuma na shiga ta tagar da mai gadin da kansa ya buɗe don ya sha iska.

Damuwar hukuma ta haƙiƙa mai ce. Ƙwallon da ke baje sawu da faɗi, ɓawonta kuma na zuƙa, tana kwashe man titi a kowane jifa. Kafin a gama wasa na biyu zanen man da aka shimfiɗa ya riga ya lalace, masu gidajen wasa kuma su ƙara yawan mai don ya jure, kamfanoni su fito da ƙwallon da ta fi shan mai don ta yi maganin ƙarin, haka dai ake ta zagaye. Ga kuma tsohon ƙorafin cewa maki ya yi arha. A 1982 Glenn Allison ya jera wasa uku kowanne da cikakken maki 300 a La Habra ta jihar Kalifoniya, ABC ta ƙi amincewa da 900 ɗin saboda yanayin man titin. Sai a 1997 aka amince da na farko, na Jeremy Sonnenfeld a Lincoln ta jihar Nebraska. Daga nan abin ya yi ta maimaituwa har ya daina girgiza kowa.

A Afrilu 2018 aka sanar da matakin, kuma ba rami kaɗai ya shafa ba. Daga 1 ga Agusta 2019 busasshen tawul kawai aka yarda a goge ƙwallo da shi ana cikin gasa, babu ruwan wanki. Sabbin ƙwallayen da kamfanoni za su kawo neman amincewa, ɗigon man gwaji kada ya nutse a ɓawonsu ƙasa da minti 2 da daƙiƙa 15. Sai babban: daga 1 ga Agusta 2020 babu ramin nauyi. Ramukan riƙo har biyar an yarda, amma kowanne sai an sa masa yatsa a kowane jifa. Wanda ba ya sa babban yatsa ba zai sami raminsa ba, kuma dole ya zana alamar + a inda tsakiyar tafin hannunsa ke zama, don kada ya riƙa juya ƙwallon kai da gindi ya ci moriyar tsari biyu a ƙwallo ɗaya. Ƙwallayen haya na gidan wasa an ɗauke musu wannan sharaɗi.

Dabarar da ta fi burge ni a cikin matakin ita ce abin da aka yi wa sikeli. Da an hana ramin an bar oza ɗaya, da masu huda sun shiga uku, don tsare-tsare da yawa ba za su yiwu ba. Sai aka ɗaga iyakar zuwa oza uku ta kowane ɓangare ga ƙwallon da ta haura laba 10. Aka sassauta abin da bincike ya nuna ba shi da tasiri sosai, uzurin ramin ya faɗi da kansa. A tsakanin sanarwa da ranar fara aiki an ba mutane zaɓi: mai rami ya zauna a tsohon awo, wanda ya toshe ko bai huda ba ya ci sabon.

Bayan an toshe

Koma ga ƙwallonmu mai laba 15. Mai ita ya dawo da ita shago. Mai huda ya goge cikin ramin, ya yi masa ɗan shinge a baki, ya dama ruwan toshi mai haɗi biyu ya zuba, ya bar shi ya kwana ya daskare. Washegari ya yanke abin da ya tudu, ya goge da takardar yashi har ya saje da kewayen ƙwallon. A sikeli nauyin dama ya dawo wajen inda yake da farko, kusan oza ɗaya da uku bisa huɗu, adadin da shekara uku baya zai sa a kore ta daga gasa, yanzu kuwa ko kallo ba a yi masa. Ba ta koma yadda ta fito daga kamfani sak ba, don abin toshin bai kai ƙwayar da aka kwashe nauyi ba. Amma yawancin ƙarin da ramin ya ba ta ya tafi.

Nawa ne wannan ƙarin a kan titi? A nan nake ganin ɓangarorin biyu duk sun zuzuta. Ga ƙwararren da ke maimaita jifa a kan katako ɗaya sau goma a jere, bambancin katako biyu ko uku a wajen kwana abu ne da ake ci ko a faɗi a kansa. Ga mai zuwa gasar unguwa ran Talata da dare, wanda jifansa ke yawo katako biyar dama da hagu, da wuya ya gane an toshe in ba a gaya masa ba, sai dai aljihunsa ya gane, musamman mai ƙwallaye biyar ko shida a jaka. Shi ya biya kuɗin huda ramin lokacin yana halal, shi ya sake biyan kuɗin toshewa. Kuma abin da ya fi rami tasiri yana nan a hannun kowa: kafin a fara gasa mutum na iya goge ɓawon ƙwallonsa da takarda mai kaushin 500 ko mai laushin 4000, bambancin da wannan ke kawowa ya fi na kowane rami. Binciken hukumar kanta ne ya nuna haka.

Duk da haka ina ganin hukuma ta yi daidai, ba don maki zai sauka ba. Iyakar da ake hukunta kamfani a kanta amma kowane shago na iya tsallakewa, ba iyaka ba ce. Ko dai a cire 0.060 ɗin, ko a riƙa gwada kowace ƙwallo bayan huda, abin da ba zai yiwu a dubban gidajen wasa ba, ko a hana ramin. An ɗauki wanda alƙalin gasa zai iya tabbatarwa da ido: ga rami, ina yatsan?

Masu hannu biyu su suka fi jin canjin. Ƙwallo mai ramuka biyu kacal, duka kusa da juna, ba ta samun sassaƙar kwiɓin da ramin babban yatsa ke yi wa ƙwaya, don haka ƙwallo iri ɗaya tana fitowa da wani hali dabam a hannunsu. Kamfanoni suka fito da tsarin awo na musamman dominsu. Wanda kuma ya saba cire babban yatsa a jifan farko ya mayar da shi a na biyu don kwashe ragowar kwalabe, yanzu sai ya ɗauki ƙwallo biyu.

Masu huda ba su rasa abin yi ba. Ramin babban yatsa shi kansa ramin nauyi ne da aka sa wa yatsa, kuma yawanci yana faɗawa nesa da ɗigon, a inda huda ke ƙara tazara. Ramukan yatsu biyun kuma kan zauna kusa da ɗigon, inda huda ke rage ta. Yatsa na buƙatar ɗan zurfi kaɗan ne kawai, sauran zurfin zaɓin mai huda ne. Don haka a shagunan yau, mai ƙwallo ya ce tana juyowa da wuri, sai ka ga mai huda ya mayar da ita kan inji ya ƙara wa ramukan yatsu zurfin inci ɗaya. Ya ce ba ta juyowa, a duba ko ramin babban yatsa zai ɗauki ƙari. Sikelin dodo na nan a kusurwar shago, ana ɗora ƙwallo a kai kafin a miƙa wa mai ita, kuma da wuya allurarsa ta kai oza uku.